Yadda Ake Mayar da Tarin Tsofaffin Hotunan Takarda Cikin Kwamfuta

Hoton da aka wanke a takarda yana lalacewa ne a hankali, ta yadda mai shi ba zai lura ba sai ɓarnar ta yi nisa. Hotuna masu launi an yi su ne da rini kala uku da aka shimfiɗa a kan juna, kuma rinin ba ya koɗewa lokaci guda; idan kala ɗaya ta riga sauran dushewa, sai a ga hoton gaba ɗaya ya koma ja-ja ko rawaya-rawaya, kamar yadda ake yawan gani a hotunan shekarun 1970. Na baƙi da fari sun fi ƙarko domin da sinadarin azurfa aka yi su, amma su ma zafi da danshi da ƙwari ba sa ƙyale su. Sai dai akwai abin da ya fi takardar saurin ɓacewa, wato sanin ko su wane ne a cikin hoton, da wurin da aka ɗauka, da shekarar. Wannan sani yana kawunan mutane ne, galibi tsofaffi, kuma babu na'urar da za ta iya ciro shi daga takarda. Saboda haka duk wanda zai tunkari hotuna dubu biyu ko uku ya kamata ya san cewa danna maɓallin na'ura shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin, kuma tsarin da aka yi kafin a kunna ta shi ne zai nuna ko wahalar za ta yi amfani.

Tattarawa da tantancewa

Da farko a tara duk hotunan a ɗaki ɗaya mai tsafta, a kan tebur mai faɗi wanda ba a ɗora abin sha a kansa. Domin a san girman aikin, sai a ƙirga hotuna 100, a auna kaurinsu, sannan a yi ƙiyasin sauran da wannan ma'auni. Ƙiyasin yana da muhimmanci, domin idan kowane hoto zai ci minti 2 tsakanin sharewa da ɗorawa da adanawa, to hotuna 3,000 za su ci awa 100, wato kwana 50 ga wanda ke ba aikin awa 2 kullum. Wanda bai yi wannan lissafi ba tun farko, shi ne yakan fara da zafi ya watsar bayan mako biyu.

Babban kuskuren da ake yi a wannan mataki shi ne juye komai wuri ɗaya a gauraya. Yadda aka sami hotunan a jere shi kansa bayani ne: waɗanda suka fito daga ambulan ɗaya wataƙila daga filim ɗaya aka wanke su, a rana ɗaya, kuma wanda ya jera albam yana da dalilin sa wannan kusa da wancan. Don haka a ba kowane kwali da kowane albam da kowace ambulan lamba, a rubuta lambar a ƙaramar takarda a sa a ciki, kuma kafin a cire ko da hoto ɗaya daga albam a ɗauki hoton kowane shafi yadda yake da waya, har da rubutun da ke gefensa. Idan daga baya aka rikice, wannan ne zai mayar da mutum kan hanya.

Bayan haka sai tantancewa. A ganina kashi uku sun isa. Kashi na farko su ne hotunan da ba su da na biyu kuma rashinsu asara ce: mafi tsufa, da na mutanen da suka rasu, da waɗanda suka fara lalacewa. Na biyu su ne na yau da kullum masu kyau. Na uku su ne maimai, da waɗanda suka fito dishi-dishi, da hotunan wuraren da babu wanda ya san su. Da kashin farko ake farawa, domin idan aikin ya tsaya a hanya, mafi daraja sun riga sun tsira. Kashi na uku kuwa a ajiye shi gefe, kada a zubar, domin sau da yawa hoton da bai yi kyau ba yakan kasance shi kaɗai ne ke ɗauke da fuskar wani mutum da ke tsaye a baya.

Kafin a ci gaba, a ɗebi kashin farko a kai wa waɗanda suka san mutanen. A nemi izininsu a kunna naɗar murya a waya, a ba kowane hoto lamba, a riƙa faɗin lambar da ƙarfi kafin a miƙa musu, sannan a bar su su yi magana yadda suke so ba tare da katse su ba. Wannan zama ya fi kowane mataki gaggawa, kuma bai kamata a jinkirta shi har sai an gama sikanin, wato ɗaukar hotunan da na'ura zuwa kwamfuta, ba.

Zaɓen kayan aiki

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai aikin, kuma babu laifi a haɗa biyu. Sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi, irin su Epson Perfection V600, ita ce ta fi dacewa da tsofaffi da masu rauni, domin hoton yana kwance ba ya motsi, kuma wasunsu suna da fitila a murfi wadda ke ba da damar ɗaukar nagatif, wato filim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi. Matsalarta jinkiri ne, ko da yake ana iya jera hotuna uku ko huɗu a gilashin lokaci guda, manhajar ta rarraba su da kanta. Akwai kuma sikana mai zuƙar hotuna ɗaya bayan ɗaya, irin su Epson FastFoto, wadda ke iya ɗaukar kusan hoto ɗaya a daƙiƙa guda a ƙaramin ma'aunin cikar hoto, har ta haɗa da bayan hoton. Tana da kyau ƙwarai ga tarin kashi na biyu, amma kada a kuskura a saka mata hoton da ya yage, ko mai gam a bayansa, ko wanda aka manna a kwali, domin tayoyinta suna jan takarda da ƙarfi, kuma ƙwayar ƙura ɗaya a gilashinta takan bar dogon layi a kan dukkan hotunan da suka biyo baya.

Hanya ta uku ita ce kyamara da aka kafa a kan mariƙi tana kallon ƙasa, da fitilu biyu iri ɗaya a hagu da dama, kowace tana haska hoton a karkace da kusurwar digiri 45 domin kada ƙyalli ya dawo cikin kyamarar. Wannan ita ce mafita ga manyan hotuna da waɗanda ba sa fita daga albam ko firam. Ta huɗu ita ce waya, da manhaja irin PhotoScan ta Google wadda ke ɗaukar hoto daga ɓangarori da dama ta haɗa su don kawar da ƙyalli. Waya ta wadatar idan ana son tura wa wani hoto nan take, amma ban ga ya dace a dogara da ita wajen ajiyar dindindin ba, saboda takan yi wa hoto kwaskwarima da kanta ba tare da an sa ta ba. Wanda ya zaɓi ba kamfani aikin kuma, ya fara gwada su da hotuna kaɗan marasa muhimmanci, ya tambayi ma'aunin da za su yi amfani da shi da nau'in fayil ɗin da za su ba shi, kuma ya ƙirga abin da ya bayar a rubuce.

Saita na'ura

Nan ne ya kamata a natsu, domin saitin da aka zaɓa zai bi dubban hotuna, kuma babu mai son maimaita aikin. Ana auna cikar hoto da yawan ɗigo a kowane inci, abin da na'urori ke rubutawa da dpi. Ma'aunin 300 ya isa idan za a sake wanke hoton a girmansa na asali kawai. Amma 600 ya fi dacewa da ajiya, domin yana ba da damar ninka girman hoton sau biyu, ko a yanko fuskar mutum ɗaya daga cikin taro ba tare da ta farfashe ba. Ƙananan hotuna irin na fasfo a ba su 1200. Wuce haka a kan hoton takarda ɓata wuri ne kawai, domin takardar ba ta ƙunshi bayanin da ya kai haka ba, abin da za a ƙara gani shi ne saƙar takardar da ƙura. A kuma lura da cewa wasu na'urori suna tallata lambobi masu girman gaske waɗanda manhaja ce ke ƙirƙiro su ta hanyar cike gurbi. Abin dubawa shi ne ainihin ƙarfin idon na'urar.

Nagatif daban yake. Filim mai faɗin milimita 35 hotonsa milimita 24 ne da 36 kacal, amma ya fi takardar da aka wanke daga gare shi ƙunsar bayani nesa ba kusa ba, don haka yana bukatar tsakanin 2400 da 4000. Idan an sami nagatif ɗin hoto mai muhimmanci cikin ƙoshin lafiya, shi ya fi cancanta a ɗauka. Sikanonin filim da dama suna da fasahar Digital ICE wadda ke gano ƙura da ƙarzuwa da wani haske da ido ba ya gani, ta goge su. Tana aiki a filim mai launi, amma a kashe ta idan an zo na baƙi da fari na gargajiya, domin azurfar da ke cikinsa tana tare wannan haske, sai manhajar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti ta dagula shi.

Game da nau'in fayil, TIFF yana ajiye duk abin da na'urar ta gani ba tare da ragi ba, shi kuwa JPEG yana zubar da wani ɓangare don ya rage nauyi, kuma duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa sai ya ƙara zubar da wani. Hoto mai girman santimita 10 da 15 a ma'aunin 600 yana fitowa da ɗigo kusan 2400 da 3600, wanda a TIFF ya kai kusan megabait 26. Hotuna 3,000 ke nan za su ci kimanin gigabait 78, abin da ƙaramin faifan ajiya zai ɗauka ba tare da wahala ba. Shawarata ita ce kashin farko duka a yi shi a TIFF, kashi na biyu kuma idan wuri ya yi ƙaranci a yi shi a JPEG amma a kai ingancinsa ƙarshe. Hotunan da suka koɗe sosai a ɗauke su da zurfin launi na 48 maimakon 24, ko da yake nauyin zai ninka, domin hakan yana ba da sararin gyara daga baya. Hotunan baƙi da fari ma a ɗauke su a matsayin masu launi, saboda launin ƙasa-ƙasa da tsufa ya ba su ɓangare ne na kamanninsu, kuma tabo mai launi ya fi sauƙin cirewa idan launinsa yana nan.

Sai a kashe duk wani gyara da na'urar ke yi da kanta, kamar ƙara kaifi da daidaita launi. Abin da ake so a wannan mataki shi ne kwafin gaskiya na takardar yadda take a yau. A gwada saitin da hotuna goma mabambanta, a buɗe su a babban allo, a faɗaɗa su a duba fuskoki da wurare masu duhu, kuma sai an gamsu sannan a rubuta saitin a takarda a manna kusa da na'urar.

Sharewa da ɗauka

A wanke hannu a busar da shi sosai, a riƙa kama hoto ta gefe. Ga nagatif da hotuna masu sheƙi, safar hannu ta roba marar hoda ta fi ta auduga, domin ta auduga tana rage jin yatsu kuma zarenta yana maƙalewa a yagaggen gefe. Ƙurar da ke kan hoto a kore ta da 'yar robar hura iska ko burushi mai laushi ƙwarai. Kada a hura da baki, kada a sa ruwa ko wani sinadarin goge-goge, domin fuskar hoton tana da wani siririn rufi da ke kumbura ya yi laushi da zarar ya jiƙe. Gilashin na'urar kuma a goge shi da tsumma marar gashi bayan kowane rukuni, idan za a sa ruwan goge gilashi a fesa shi a tsumman, ba a kan na'urar ba, sannan a jira ya bushe.

A ɗora hoton a miƙe tun farko, a bar ɗan sarari a kewayensa yadda gefunansa huɗu za su fito, domin farin gefe da hatimin mai hoto da kwanan watan da aka buga a kai duk suna taimakawa wajen gano shekara. Duk hoton da ke da rubutu ko hatimi a baya a juya shi a ɗauki bayan nan take, a ba shi lambar gaban tare da ƙarin harafi. A yi aiki rukuni-rukuni bisa lambobin da aka ba kwalaye, a mayar da kowane rukuni mazauninsa kafin a buɗe na gaba, a sa masa alamar an gama.

Wasu hotunan sukan ba da wahala. Albam mai gam da leda a sama, wanda ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980, gam ɗinsa yana ƙanƙame hoto yana kuma rina bayansa. Ana iya zura siririn zaren goge tsakanin haƙora ta ƙarƙashin kusurwa ɗaya a riƙa jan sa hagu da dama a hankali, amma da an ji takardar na neman ɓarewa sai a tsaya a ɗauki shafin gaba ɗaya. Hoton da ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi ko kaɗan, domin fuskar za ta bi gilashin. A goge gilashin ta waje a ɗauke shi haka. Waɗanda suka manne da juna saboda jiƙewa, idan masu daraja ne, aikin ƙwararren mai gyaran kayan tarihi ne. Waɗanda suka yi fumfuna a ware su daga sauran, a taɓa su da safar hannu da takunkumi a wuri mai iska, a bar su zuwa ƙarshe, sannan a tsaftace na'urar bayan an gama. Takarda mai ƙurji-ƙurji takan fito da ƙananan ɗigogi masu ƙyalli a sikana, kuma kyamara da fitilu biyu ta fi dacewa da ita. Hoton da aka yanko daga jarida ko mujalla kuwa da ɗigogin tawada aka buga shi, don haka yakan fito da zane-zane kamar raga sai an kunna saitin da ke kawar da hakan.

Suna da bayani

Fayil mai suna irin wanda na'ura ke bayarwa da kanta ba ya gaya wa kowa komai. A tsara suna guda ɗaya a bi shi har ƙarshe: shekara, wata, rana, sannan gajeren bayani da lambar kwali da ta hoto, misali 1984-06-00_taron-dangi_K03_017. Fara suna da shekara yana sa kwamfuta ta jera hotunan bisa tarihi da kanta. Idan ba a san wata ko rana ba a sa sifili, idan shekarar ma ƙiyasi ce a nuna hakan da wata alama da aka amince da ita, domin wanda zai gaji tarin kada ya ɗauki zato a matsayin tabbas. A guji tazara da alamomi na musamman a cikin sunan, saboda wasu na'urori ba sa karanta su daidai.

Cikakken bayani, wato sunayen mutane daga hagu zuwa dama, da wuri, da wanda ya ba da labarin, a rubuta shi a cikin fayil ɗin kansa. Manhajoji na kyauta irin su digiKam da XnView MP suna ba da damar haka, kuma bayanin zai bi hoton duk inda aka kwafe shi. A gyara kwanan watan da ke ciki ma, domin in ba haka ba manhajojin hotuna za su jera hoton 1965 a ranar da aka yi sikanin ɗinsa. Bayan wannan a riƙe jadawali guda ɗaya mai layi ga kowane hoto, a ajiye shi a folda ɗaya da hotunan tare da muryoyin da aka naɗa.

Gyara kuma a kan kwafi ake yin sa. A buɗe folda biyu, ɗaya ta asali wadda ba a taɓawa, ɗaya ta aiki inda ake daidaita launi da cire tabo da manhaja irin GIMP. Ina jan hankali musamman game da sababbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke sa wa tsohon hoto launi ko su fito da fuskar da ta dushe. Abin da suke yi zato ne: suna ƙirƙiro ido da haƙora da launin tufafin da wataƙila mutumin bai taɓa sawa ba, kuma bayan shekaru jikokinsa za su ɗauka kamanninsa ke nan. Wanda ya yi irin wannan gyara ya rubuta hakan a sunan fayil ɗin.

Ajiya

Ƙa'idar da masu adana bayanai suka saba bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A aikace wannan yana nufin kwafi a kwamfuta, kwafi a faifan ajiya na waje, da kwafi a rumbun intanet ko a faifan da ke hannun wani ɗan'uwa a wani gida. A riƙa yin kwafin a ƙarshen kowane zama, ba sai an gama duka ba. Filas da katin memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiyar shekaru ba, domin suna iya rasa abin da ke cikinsu idan suka daɗe ba a jona su ba. Faifan ajiya ma yana mutuwa ba sallama, don haka a jona shi aƙalla sau ɗaya a shekara a buɗe wasu hotuna a tabbatar suna nan, a kuma kwashe komai zuwa sabo bayan 'yan shekaru. Idan an yi amfani da rumbun intanet, a duba saitinsa a tabbatar yana ajiye hotuna a ingancinsu na asali, kuma wani amintacce ya san yadda zai shiga asusun. Facebook da WhatsApp ba ma'ajiya ba ne, domin suna matse hoto suna kuma share bayanan da aka rubuta a cikinsa. Idan za a tura wa wani cikakken hoto ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil. Kafin a baza hoton wani a fili kuma, ya kyautu a nemi yardarsa ko ta iyalinsa.

Hotunan takardar su ma kada a rabu da su bayan an gama, domin su ne asali, kuma na'urorin gobe za su iya ciro abin da na yau suka kasa. A cire musu robar ɗauri da ƙarfen maƙala takarda da salatif idan yana fita da sauƙi, a sa su a ambulan ko kwali marar sinadarin asid, ko a ledar foliyesta ko folifurofilin. A guji leda mai laushi mai warin roba, wato PVC, domin tana fitar da sinadarin da ke cin hoto. Idan za a yi rubutu a baya a yi da fensir mai laushi a gefe, ba da biro ba. A ajiye kwalayen a ɗaki mai sanyi da bushewa, inda danshin iska yake tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari, a kan kantar ajiye kaya ba a ƙasa ba, nesa da taga da bututun ruwa. Nagatif a ajiye su a kwali daban, kuma duk wanda aka ji yana wari mai tsami a ware shi nan da nan a fara yin sikanin ɗinsa, domin alama ce ta cewa filim ɗin ya fara ruɓewa kuma tururin da yake fitarwa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi.